Karen Gadi Mai Zubar Da Gashi: Wane Mataji Za A Saya?

Jama'a masu karatun wannan fili, yau za mu ɗan ajiye zancen iri da taki, mu taɓa wata dabba wadda ba a cika kawo maganarta a nan ba, ko da ya ke da yawa daga cikinmu ba su samun barci mai nauyi sai don tana tsakar gida. Watau kare. Dalilin da ya sa kuwa, wasiƙu ne su ka taru a kan magana guda. Masu gidajen kaji, da masu lambu, da masu turken tumaki a bayan gari, tun ba wajen Kano da Zariya da Kaduna da Jos ba, sun shiga sayen manyan karnukan nan na ƙasashen waje saboda ɓarayi. Gadi dai suna yi, ba a ƙi ba. Amma kukan masu su ɗaya ne: gashi. Gashi a tabarma, gashi a kwanon ruwan kaji, gashi cikin shanyar barkono. Wani ya rubuto ya ce uwargidansa ta rantse ko ita ko karen. Wani ya ce ya sayi buroshi har uku, ba wanda ya yi masa rana. Wani kuwa tambaya ya ke yi, ko ya kira wanzami a aske karen ƙwal kowa ya huta.

To, kafin mutum ya sa hannu a aljihu, ya kamata ya san irin rigar da karensa ya ke sanye da ita, don kayan gyara ba su da kyau ko muni a kan kansu, sai dai a ce sun dace da gashin ko ba su dace ba.

Karnukanmu na gida, irin na mafarauta, da dogon karen nan siriri na Buzaye da a ke samu a Azawak, gashinsu gajere ne, kwance a jikin fata. Suna zubarwa, amma kaɗan kaɗan, har ba a lura. Babban karen Afirka ta Kudu da a ke kira Burbul shi ma gajeren gashi gare shi. Wanda ya ke kawo ƙara shi ne karen Jamus da mu ke ce wa Alseshan. Asalinsa karen kiwon tumaki ne. Wani hafsan soja mai suna Max von Stephanitz ya kafa ƙungiyar masu kiwonsa a Jamus cikin 1899. Turawan Ingila ne su ka laƙaba masa sunan Alseshan bayan Yaƙin Duniya na Farko, don a lokacin ba a son jin sunan Jamus, kuma ba su mayar masa da sunansa na ainihi ba sai 1977. Mu dai sunan ya zauna a bakinmu. Bayansa akwai wanda ya fi shi, watau ƙaton nan mai kama da zaki da a ke kira Kokeshiyan, wanda asalinsa duwatsun Kokesas ne, wajen Jojiya da Armeniya da kudancin Rasha, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa watanni.

Waɗannan riga biyu gare su. Akwai gashin sama, dogo, mai ɗan kauri da sheƙi, shi ke tare ruwa da rana da ƙaya. Ƙarƙashinsa akwai wani mai laushi kamar auduga, cunkushe, shi ke tsare jiki daga sanyi. In ka duba da kyau za ka ga ba kamar kan mutum ba ne, inda kowace kafa ta ke fid da gashi guda. A jikin kare kafa ɗaya ta kan fid da dogon gashi guda tare da ƙananan masu laushi da dama. Kowane gashi kuma yana da kwanakinsa: ya tsiro, ya yi tsawo, ya tsaya, ya mutu, sabo ya turo shi waje. Audugar nan ta ƙasa ita ce ta ke cika muku gida.

A ƙasarsu abin da ke gaya wa jikin kare lokacin tuɓe riga shi ne tsawon yini. A Balin, babban birnin Jamus, yinin watan Yuni ya kan kusa awa 17, na Disamba bai kai awa 8 ba. Saboda haka kare ya kan zubar da gashi da yawa sau biyu a shekara, sa'an nan ya lafa. A Kano kuwa bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce kamar awa ɗaya da rabi ba. Jikin karen bai samun sanarwa sosai, sai ya yi ta zubarwa shekara duka, abin ya ƙaru in hunturu ya wuce bazara ta kama. Ba mataji a duniya da zai hana wannan. Abin da mataji ke yi kaɗai shi ne ya kama mataccen gashin tun yana jikin kare, ka tara shi wuri guda, maimakon iska ta raba maka shi ɗaki ɗaki.

Kada a aske

Mai tambayar wanzami, amsarka a'a. Mutane suna tsammani in an aske kare zai ji sanyi kamar yadda mutum ke ji in ya tuɓe babbar riga. Ba haka jikinsa ya ke ba. Kare bai yin gumi a fata yadda mu ke yi. Da haki ya ke fid da zafi, harshe waje, sai ɗan gumin da ke fita a tafin ƙafa. Gashin sama shi ne inuwarsa. In ka aske, ka bar fata tsirara ga ranar Afrilu da ƙudaje. Kuma sa'ad da gashin zai komo, mai laushin ne ke riga fitowa, ya kan fito a hargitse, ya riƙa kama ƙarangiya, wani lokaci ma a yi watanni wani wurin bai rufe ba. Zubarwar kuwa ba ta tsaya ba, sai dai gashin ya koma guntaye masu shiga tufafi kamar ƙaiƙayi. Abin da ke sanyaya kare shi ne a cire mataccen gashin ƙasa don iska ta kai ga fata, a ba shi inuwa, ruwa kuma kada ya yanke masa.

Kayan aikin

Na farko, wanda ni a ganina in kuɗin mutum na abu ɗaya ne shi zai saya, shi ne wanda za mu kira 'yar manjagara, don kamarta ke nan: mariƙi gajere, da sanda a gicciye mai jerin haƙoran ƙarfe masu kauri, a warwatse, bakinsu a dunƙule. Aikinta ta ratsa gashin sama ba tare da ta yanke shi ba, ta kai ƙasa ta jawo audugar da ta riga ta saki. Wajen saye, abu uku za ka duba. Tsawon haƙora ya kai zurfin gashin karenka. Ka tura yatsa cikin gashin wuyansa har ka taɓa fata, ka ga inda ya tsaya, wannan shi ne ma'auninka. Ga Alseshan mai matsakaicin gashi kamar inci 1 ya isa, Kokeshiyan kuwa sai wadda ta fi haka. Na biyu, bakin haƙoran ya zama mai santsi. Ka ja ta a cikin damtsenka, inda fata ta ke da laushi, da irin ƙarfin da za ka sa wa kare; in ta bar maka jan layi ko ta yi zafi, ajiye ta. Na uku, akwai wadda haƙoranta ke juyawa a cikin gurbinsu. Ta fi tsada kaɗan, amma ba ta fizgar gashi, kuma karen da bai ji zafi ba yau shi zai tsaya maka gobe. Akwai wata mai kama da ita wadda haƙoranta su ke lanƙwashe, cikinsu da kaifi kamar lauje. Wannan ta yanke dunƙulallen gashi ce, ba ta taza ta kullum ba, kada mai kanti ya haɗa ka da ita a maimakon waccan.

Na biyu mataji ne na ƙarfe, irin wanda rabinsa haƙora a warwatse, rabi a matse. Shi ne alƙali. Bayan ka gama da 'yar manjagara sai ka bi da shi. In ya wuce daga fata har waje bai sarƙe ba, wurin ya gyaru, in ya tsaya, da sauran aiki. Shi ne kuma na wuraren da manjagara ba ta shiga: bayan kunne, hammata, ƙarƙashin abin wuya, da gashin cinyoyin baya. Matajin roba na mutane bai yi ba. Haƙoransa su kan karye, kuma cikin hunturu ya kan sa gashi ya tashi ya manne a jikin kome.

Na uku buroshin waya, mai faɗi, cike da 'yan siraran wayoyi masu lanƙwasa a baki. Yana da kyau wajen kwashe gashin da manjagara ta taso, da fid da ƙarangiya da ƙaiƙayi bayan kare ya zaga gona. Laifinsa, hannun da bai saba ba ya kan danna shi, ya yi ta gogar wuri guda har fata ta yi ja ta saɓule. A nemi wanda wayoyinsa ke zaune a kan matashi mai lotsawa. Kuma don Allah kada wani ya ce ai ga buroshin ƙarfe na masu walda a gida, ya ɗauko. Wannan na kankare tsatsa ne.

Yanzu sai mu zo ga wanda a ka fi tambaya, wanda kuma ya fi cin kuɗi. Shi ne mai baki kamar bakin injin aski, haƙora ƙanana ƙwarai a jere, da a ke sayarwa da sunan FURminator, ko da ya ke yanzu masu kwaikwayonsa sun cika kasuwa. Wata mata mai sana'ar gyaran karnuka a birnin Sen Luwis na Amurka ta ƙago shi, ita da mijinta su ka kafa kamfaninsa cikin 2002. Mai talla zai nuna muku hoton kare tsaye kusa da tulin gashi kamar an yi suɗin auduga, kuma ba ƙarya ya yi ba, yana fid da gashi da yawa. Amma fa ku tuna tsakanin haƙoran nan akwai kaifi. In an yi ta maimaita ja a wuri guda, bayan mataccen gashi ya ƙare sai ya koma kan mai rai, ya kankare gashin sama, rigar kare ta dushe, ta yi faci faci. Ga shi kuma haƙoransa gajeru ne, ba su kai ƙasan gashin Kokeshiyan. Sama sama ya ke aiki, a ƙasa kuwa gashi na can yana dunƙulewa kamar bargo. Wanda ya riga ya saya, ya yi aiki da shi sau ɗaya a mako lokacin zuba mai yawa, a kan gashi busasshe, mai tsabta, wanda an riga an warware shi da manjagara. Ya ja a hankali, sau biyu ko uku a wuri, kada ya bi ta kan ƙashin baya, ko gwiwa, ko ciki. Da ka ga dogayen gashi masu launi sun fara fitowa cikin abin da ya ke kwasowa, maimakon audugar nan mai toka toka, ka tsaya, ka wuce gona da iri. Wanda bai saya ba tukuna, ya riƙe kuɗinsa ya sayi manjagara da mataji, canjin ya saya wa karen kifi.

Masu karen gida da masu Burbul, duk wannan bai shafe ku ba. Buroshin roba mai ƙusoshi masu taushi, irin wanda a ke goge dawaki da shi a barga, ya ishe ku. A goga a kewaye a kewaye, sa'an nan a share da tsumma mai ɗan laima. Manjagara a jikin gajeren gashi ƙarzar fata kawai za ta yi.

Akwai kuma injin hura iska mai ƙarfi da masu shagon gyaran karnuka ke aiki da shi a manyan birane. Yana fid da gashi fiye da kowane mataji, amma yana son wuta, da kuɗi, da fili. Injin busar da kai na mata kuwa iskarsa da zafi, kada a sa wa kare.

Yadda a ke tazar

A zaɓi wuri guda, a bayan gida, nesa da rijiya, da madafa, da wurin shanya, da inda a ke salla, kuma a tsaya ta yadda iska za ta kwashe gashin ta yi waje da shi. Da safe ko da la'asar sakaliya ya fi, ba da tsakar rana ba. Mutumin da ke ba karen abinci shi ya kamata ya yi, ba yaro ba, ba baƙo ba. Karen da bai saba ba, a sa masa takunkumi, a fara da minti biyu ko uku a wurin da ya ke so, kamar ƙirji da gefen wuya, a ba shi ɗan abin taɓawa, a sake shi. Kullum a ƙara kaɗan. Wanda ya sayi kwikwiyo ya fara tun yanzu, tun kafin ya yi ƙarfin da zai ja mutum ƙasa.

Kuskuren da na fi gani a gidajen da na kan zaga shi ne shafar sama. Mutum ya bi bayan kare da buroshi daga wuya zuwa wutsiya, sama ta yi sumul, ya ce ya gama. Ba haka ba ne. Ka fara daga ƙasan cinyar baya. Ka sa hannun hagu ka ɗaga gashin sama har ka ga layin fata, ka taje abin da ke ƙasan hannunka zuwa inda gashi ya kwanta, sa'an nan ka matsa sama kamar faɗin yatsu biyu, ka sake buɗe wani layi. Kamar yadda a ke bin kunya kunya a gona, ba a tsallake. In hunturu ne, ka ɗan yayyafa ruwa kaɗan a gashin kafin ka fara, don kada ya karye. Lokacin zuba mai yawa, minti 10 zuwa 15 kowace rana; sauran shekara sau biyu a mako ya isa.

Inda ka tarar gashi ya dunƙule, ka riƙe gindinsa da yatsu don kada fata ta jawu, ka warware daga baki kana shiga ciki. In ya gagara sai almakashi, to, ka fara cusa mataji tsakanin dunƙulen da fata, ka yanke ta saman matajin. Fatar bayan kunne siririya ce, ta kan tashi tare da gashin, masu gaggawa da yawa sun yanke ta ba su sani ba.

Wanka kuwa bayan taza a ke yi, ba kafinta ba. Dunƙulallen gashi in ya sha ruwa ƙara ɗaurewa ya ke yi. Sau ɗaya a wata ya isa, da sabulun karnuka. Garin sabulun wanki ya kan busar da fata, zuba ta ƙaru. A ɗauraye sosai, a tabbata ya bushe har ƙasa, tun ba da damina ba, don laimar da ta kwana cikin gashi mai kauri ita ke zama gyambo mai ruwa cikin kwana ɗaya ko biyu.

In ba zuba ba ce, ciwo ne

Nan ne taza ta fi amfani, don ita ce ke sa mutum ya ga fatar karensa. Zubar lafiya ko'ina ta ke yi daidai, fata kuma tana nan lafiya lau, ba a ganin fili. In ka ga wuri ya yi sanƙo, ko fata ta yi ja, ko ɓawo, ko kare ya hana kansa barci da susa, to, ba aikin mataji ba ne. Ƙazwa ta kan fara a bakin kunne da gwiwar ƙafafun gaba, da ƙaiƙayi mai tsanani, kuma tana kama mutane. Akwai wata irin da ta fi kama kwikwiyo, gashi ya zube kewayen ido da baki, ba susa sosai. Makero kuwa fili ne kewayayye kamar kwabo, shi ma yara su kan ɗauka. Ƙuma ka gane ta haka: ka taje gindin wutsiya da matsattsen gefen mataji, ka karkaɗe a kan farar takarda mai laima, in baƙaƙen ɗigon nan sun narke sun yi ja, kashin ƙuma ne, jinin karenka ke nan. Kaska a neme ta cikin kunne, da tsakanin yatsu, da wuya. Kaskar kare ba a daji ta ke kwana ba, cikin tsagar bangon ɗakinsa ta ke, uwa guda kuma ta kan yi ƙwai dubbai, saboda haka maganin jiki kaɗai bai isa ba sai an yi wa ɗakin, an kuma toshe tsagogi. Ita ce ke kawo zazzaɓin nan da ke sa dasashin kare ya yi fari, ya ƙi abinci.

Duk waɗannan a kai wa likitan dabbobi, ko asibitin dabbobi na jiha, ko na koyarwa irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Kada a shafa baƙin mai, ko kananzir, ko fiya-fiya, ko maganin feshin wake. Kare lasar jikinsa ya ke yi, abin da ka shafa a fata cikinsa zai tafi. In an je kuma a yi masa allurar haukar kare, tun yana wata 3, a riƙa sabuntawa kowace shekara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda ta ke can tun 1924, tana yin wannan allura. In kare ya ciji wani wajen taza, ko da ɗan kaɗan ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a tafi asibiti ranar nan.

Akwai zubar da ba ciwo ba ce amma ta kan tsorata mutum: karya ta kan zubar da gashi ƙwarai wata ɗaya zuwa uku bayan ta haihu, har ta yi kamar tsohon buzu, sa'an nan ya komo da kansa. Akwai kuma ta yunwa. Gashi daga abinci mai gina jiki a ke yinsa, kuma karen da girmansa ya kai na tunkiya ba zai yi riga mai kyau da ƙanzo da ragowar tuwo ba. A haɗa masa da kifi, ko dafaffen ƙwai, ko kayan ciki dafaffe, da ɗan cokalin mai. Na ce dafaffe, don ɗanyen hanta da huhu na dabbar da ke da ƙululun ruwa su ke sa wa kare wata tsutsar ciki wadda ƙwanta ke manne wa gashinsa, daga nan ya kai ga tumaki da mutane. Wannan ma dalili ne na wanke hannu da sabulu bayan kowace taza. Miya mai albasa da yawa kuma kada a ba shi, tana ɓata masa jini.

Gashin da ka tara, kada ka bar shi a ƙasa kaji su tone. In karen lafiyayye ne, ba a kuma sa masa maganin kaska kwanan nan ba, a binne gashin cikin ramin taki. Yana ruɓewa, sai dai a hankali. In akwai makero ko ƙazwa, a ƙone. Na cikin ɗaki kuwa, a yayyafa ruwa kafin shara, kujera da darduma a shafe su da safar hannu ta roba mai laima, gashin zai naɗe kansa ya fito. Kayan tazar a wanke su da ruwan sabulu, a shanya su bushe don tsatsa, a rataye su a ɗakin karen, ba a cikin gida ba. Mai karnuka biyu, in ɗaya yana da ciwon fata, ya ware masa nasa matajin dabam har likita ya ce ya warke.